Motar Gado Ta Ƙi Magana

Motar Gado ba ta taɓa mutuwa cikin gari ba. Sai ta bari an wuce Dauran, an shiga inda gonaki suka ƙare, wurin da ko fitsari ba mai son tsayawa yi, sannan ta yi tari ta yi shiru.

Rannan haka ta yi, fasinja cike. Wata tsohuwa a baya ta kama salati, wani ɗan kasuwa ya tura wayarsa cikin safa, kowa ido na kan daji. Gado ya yi ta murɗa makulli amma ta ƙi tashi. Da injin ya huce, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Labari ya riga shi komawa tashar Ƙaura. Maitama, ciyaman ɗin direbobi, yana zaune kan benci yana jiransa.

"Gado, ba ni da rigima da kai. Amma ba ni zuba mutane cikin motar da ke suma a daji. Ko a gano ciwonta kafin ranar kasuwar Shinkafi, ko in ba wani layinka."

"Ranka ya daɗe, na canja filogi, na wanke tanki..."

"Na ce a gano, ban ce a lalube ba."

Layin nan shi ne tuwon gidan Gado, kuma ya daɗe yana kamasho kafin ya same shi. Don haka da safe ya lallaɓa motar zuwa rumfar Muhtari rewaya, mai gyaran wutar mota, wanda aka ce yana da na'urar da ke tambayar mota abin da ke damunta.

Muhtari ya ɗauko na'urar, 'yar mitsila kamar waya, da igiya a jikinta. "Motar ga ta wace shekara ce, mutumina?"

Gado ya sosa ƙeya. "Wane ɓangaren?"

"Mi ka ce?"

"To, takarda ta faɗi shekara guda. Amma ƙofar direba ba tata ba ce, daga Zurmi aka samo ta. Injin kuma, wanda ya sayar mini ya ce an taɓa sauke shi."

"Kai, wannan ai ba mota ba ce, taron dangi ne."

Sai Muhtari ya yi masa bayani a hankali. Ya ce kowace mota irin wannan tana da ƙwaƙwalwa, wadda makanikai ke kira birenbos, kuma ƙwaƙwalwar iri biyu ce. Ta zamani tana da soket ƙarƙashin sitiyari, a jona na'ura ta faɗi komai a rubuce. Ta dā kuwa ba ta san na'ura ba, kowace da yadda ake tambayarta. Gado yana ta gyaɗa kai, amma abin da ya tsaya masa a rai shi ne wai duk shekarun nan motarsa ta san ciwonta, ta yi masa shiru.

Muhtari ya kwanta rigingine, ƙafafu waje, ya lalubo soket. "Alhamdulillahi, ta zamani ce." Ya jona. Na'urar ta yi ta juya wani ɗan zobe, sannan ta rubuta Turanci.

"Mi ta ce?"

"Ta ce ta yi sallama, ba a amsa ba."

Ya cire, ya hura, ya mayar. Haka dai. Da ya zura hannu ya jawo wayoyin da ke bayan soket ɗin, sai ga su sun biyo shi a yanke, an naɗe bakinsu da baƙin tef.

"To fa," in ji Muhtari. "Ƙofa ce ba ɗaki."

Gado ya leƙa ya ga yankakkun wayoyin. Ya tuna Jabiru, makanikin Shinkafi da aka ce shi ya sauke injin tun kafin motar ta zo hannunsa. Aka nemo lambarsa, aka kira shi. Waya na katsewa, Jabiru na ihu cikin ƙarar janareto.

"Wace mota? Ruwan toka? Mai ƙofa ja? Ai injinta na asali ya buga! Na sa mata na yayarta, da birenbos ɗinsa duka!"

"Wace yayar?"

"Wadda ta girme ta mana! Ku duba cikin bonet, akwai ɗan akwati!"

Waya ta mutu. Suka buɗe bonet, ga kuwa ɗan baƙin akwati a gefe, ƙura ta rufe shi, da ramuka a ciki.

"Ke nan ta dā ce," in ji Gado.

"Jikin na zamani, ƙwaƙwalwar ta dā."

"To da wa za mu yi magana cikinsu?"

Muhtari ya duba yadda ake yi a wayarsa ta hannu, ya yanko guntun wayar wuta, ya lanƙwasa, ya haɗa ramuka biyu da ita. "Irin wannan da ƙifce take magana. Shiga ka murɗa makulli, kar ka tashe ta. Fitilar inji za ta riƙa ƙiftawa, mu ƙirga, mu san ciwon."

Gado ya shiga ya murɗa. Ya zuba wa gilashin agogon gudu ido. Jar fitilar batir ta kama, ta mai ta kama.

"Tana ƙiftawa?"

"Wa?"

"Fitilar inji! Mai ruwan ɗorawa!"

"Ni dai ja nake gani."

Muhtari ya canja rami. Shiru. Ya kankare wayar da haƙori ya sake sawa. Shiru. Ya zauna kan tsohuwar taya ya cire hula.

"Gado, ni ban gane ba. An tambaye ta da na'ura ta ƙi, an tambaye ta da waya ta ƙi. Ko dai ƙwaƙwalwar ta mutu."

"In ta mutu, wa ke tuƙa ni kullum?"

Gado ya zauna cikin motar, makulli a kunne, yana tunanin yadda zai gaya wa Larai matarsa cewa ya koma kamasho. Rana ta ɗaga, ta yi masa zafi a fuska, sai ya ɗauki sallayarsa ya shimfiɗa bisa gilashin gaba. Cikin mota ya yi inuwa.

A kusurwar gilashin agogon akwai wata sitika koriya mai cewa ALLAH YA KIYAYE HANYA. Da ita ya sayi motar, kuma bai taɓa tunanin ɓare addu'a ba. Yanzu cikin inuwar sai ya ga gefen sitikar yana haske, yana dushewa, yana haske.

"Muhtari! Zo ka ga. Addu'ar ce ke ƙiftawa."

Muhtari ya leƙo, ya kalla, ya kwashe da dariya har da tari. "Mai motar na farko ne! Ya rufe fitilar don kar fasinja su gani su tsorata. Ɓare ta!"

Gado ya dubi sitikar. "Haka kawai? Hanyar Zurmi fa nake bi."

"To ka mayar da ita sama, ai ba ƙona ta za ka yi ba."

Ya sa farce ya ɓare ta a hankali, ya manna kusa da madubi, ya danne da babban yatsa. Ga fitilar nan, ruwan ɗorawa, tana ta ƙifce abinta, wa ya san tun yaushe take son a kula ta. Suka ƙirga, lissafinsu ya saɓa, suka yi gardama, suka jira ta sake zagayowa har bakinsu ya zo ɗaya. Muhtari ya duba ma'anar lissafin a wayarsa ta hannu, ya bi wata siririyar waya da ke gefen inji, ya same ta ta goge a jikin ƙarfe. In inji ya yi zafi sai ta taɓa, wuta ta ɗauke. Ya yanke, ya haɗa, ya ɗaure ta nesa.

Da la'asar Gado ya shiga tasha. Maitama ya taso, ya shiga gaba ya zauna. Gado ya murɗa makulli, fitilar ta kama.

"Tsaya! Wanga kuma mene ne? Da babu wutar ga. Gyara aka yi ko ƙari?"

"Da ma tana nan, ranka ya daɗe. Addu'a ce ta rufe ta."

"Addu'a?"

"Wato jikin na ƙanwar ne, ƙwaƙwalwar ta yayar, ita kuma da ƙifce..." Gado ya ga shi kansa ya ɓace a tsakiyar maganar. Sai kawai ya tayar da inji. Fitilar ta mutu.

Maitama ya dubi fitilar, ya dubi Gado, ya dubi sitikar da ke sama.

"Ban fahimci ko ɗaya ba. Ja mu tahi Zurmi, ni da kai. In ta wuce Dauran ba ta suma ba, gobe ka yi lodi."

Suka wuce Dauran rana ta yi ja, inji ya yi zafi sosai. Gado ya riƙe sitiyari, ido ɗaya kan hanya, ɗaya kan kusurwar gilashi. Gonaki suka ƙare, daji ya fara. Fitilar ba ta ce komai ba, motar kuma ta ci gaba da tafiya.

"Rage gudu," in ji Maitama. "Layin naka ne, kar ka kashe ni kansa."