Zoben da Ya Ƙi Fita

Mijina Fraji ya fi kowa a unguwarmu tsoron ƙazanta, in dai ta jiki ce. Jajibirin Kippur, lokacin da kowane Bayahude a tsibirinmu na Jerba ke shirin azumin neman gafara, shi ne na farko a ƙofar mikwe, kwarmin wankan tsarki. Sai ya yanke farce, ya sakace haƙori, ya tsefe gemu, don kada komai ya shiga tsakanin fatarsa da ruwa.

Bana zobe ya ƙi fita. Na babansu ne, na azurfa, wanda tsohon ya ce a bai wa ƙanin Fraji, Sasi. Tun ana zaman makoki mijina ya zura shi, ya ce shi bai ji wasiyya ba. Daga nan suka daina ga-maciji. Da can yakan zare, ya nutse, ya mayar, wai ya tsarkaka. To, girkina ya karɓe shi, yatsa ya cika zobe taf.

Na gwada sabulu, na gwada man zaitun da zare. Rabbi, malaminmu, ya ce masa, "Shiga haka nan, ya wadatar. Haƙƙin ɗan'uwa ne ruwa ba ya wankewa." Fraji ya ce Rabbi ya cika sassauci. Sauran maganar kuwa, ta faɗa kunnen nan dai da bai ji wasiyya ba.

Duk maƙeran azurfa sun rufe sai Sasi. Na tasa Fraji gaba zuwa shagon ƙanin nasa, haushi kamar ya kashe ni.

"A'a, Yaya! Ɓatan hanya ka yi?" in ji Sasi.

"Yanke min wannan."

"Wanne? Yatsan ko zobena?"

"Kai dai yi sauri, rana na tafiya."

Sasi ya kama hannun, ya sa ɗan zarto, yana yi a hankali don kada ya ji masa ciwo. Zoben ya buɗe. A ƙarƙashinsa fatar fara ce sol, mai laushi kamar ta jariri. Sasi ya daɗe yana kallonta.

"Ashe akwai sauran wurin da Inna ta haifa," ya ce, ba da wasa ba.

Ban taɓa ganin Fraji na kuka ba, ko ranar mutuwar babansu, sai ran nan. Ya tura masa zoben. "Naka ne. Na ji wasiyyar. Ka yafe min."

"Sai da ya karye za ka ba ni?" in ji Sasi, amma bai saki hannun ba.

Suka zauna nan suna ta maganar Inna har aka rufe mikwe. Haka Fraji ya shiga azumi babu wanka, karo na farko a rayuwarsa. Da zai fita zuwa majami'a sanye da fararen kaya, na bi shi da kallo, na gane mutumin da na aura.