Lanƙwasa ta Huɗu

Manaja ya ajiye kwanson na'urar a kan teburina kamar wanda ya kawo mini tsaraba. Ɗan mitsitsi, baƙi, sai sheƙi yake.

"Injiniya, a cusa eriyar nan a ciki. Ki ƙara mata lanƙwasa ɗaya, shi ke nan."

Wai shi ke nan. Na'urar ta masunta ce, wadda za su danna don neman agaji idan ruwa ya juya musu baya a tsakiyar teku, kuma ƙanena yana cikin masu rataya ta a wuya. Eriyar siririn layin tagulla ce a kan allo. Ka lanƙwasa layin, kowace gaɓa ka sake lanƙwasa ta da siffa iri ɗaya, sai ga doguwar waya ta kwanta a wurin da bai kai tafin hannu ba. Na yi hawa uku na tsaya. Shi kuwa Manaja da ya ga abu yana ƙanƙancewa, sai ya ɗauka ba shi da iyaka.

"Ranka ya daɗe, na gwada ta huɗun. Layin ya koma kamar silin gashi, ƙarfin duk ya tafi a zafi. Ko rabin hanya siginar ba za ta kai ba."

"Ai a ɗakin gwaji ta yi aiki."

"A ɗakin gwaji ba wanda yake nutsewa."

Ya gyara tabarau. "In ba za ki iya ba, masu iyawa suna nan birjik."

Nan raina ya ɓaci. Na jawo ƙaramin zarto, na tsaga gefen kwanson nan nasa yana kallo, na zura allon mai hawa uku, na liƙe da roba. Rabinsa ya leƙo waje kamar harshe. Muni kam ya yi, ba ƙarya.

"Kin san kin kori kanki?"

"Na sani."

Na ɗauko mai hawa huɗun daga aljihun tebur, na jera su biyu a gabansa.

"Gobe ƙanena zai fita teku. Zaɓi wadda zan rataya masa. In kyakkyawar ce, taso mu je ka faɗa wa mahaifiyarmu da bakinka."

Ya miƙa hannu wajen ƙaramar, hannun ya tsaya a iska. Na jira shi, bai taɓa ta ba.

Na cire katin aikina na ɗora a kanta, na ɗauki mummunar na fita.