Mai Kunna Murhun Asabar

Ranar Laraba Malam Zubeiru, maƙwabcina a unguwar Choggu, ya rasu. Ina tsaye a ƙofarsa da amsar tambayarsa a bakina 'yarsa Zuwera ta fito ba mayafi.

Yana saurayi neman ilimi ya kai shi Shiraz, a Iran. Ilimin bai samu ba, sai gadi a wata makarantar Yahudawa. Kakannin yaran ne suka gina ta, in ji shi, ana koyar da Farisanci da Ibrananci. Bayan juyin juya hali aka ce dole a buɗe ta ran Asabar, ranar da addininsu ya hana su kunna wuta, ya kuma hana su sa wani ya kunna.

"To, ya suke yi?" na tambaye shi.

"Sai malama ta dubi rufi ta ce, 'Yau kam da sanyi.' Ni kuma in ɗauko ashana in kunna murhu."

"Wato ka ƙetare duniya don ka zama ashana."

"Kai da ka karance littattafai, Tahidu, wa ka taɓa ɗumamawa?"

Tun rasuwar matata, shi kaɗai ke min magana haka. Sauran sai "Allah ya ba da haƙuri", kamar masu tallar koko.

Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya dame shi. Iyalan Yahudawa sun yi ta ƙaura tun yana can, ajujuwa na raguwa.

"Bincika min ko makarantar tana nan. In an rufe, kar ka faɗa min."

"In na yi shiru ai ka gane."

"To yi sauri ka yi magana."

Na yi ta bin waya har na dace da wata tsohuwar ɗalibarta. Ta tuna shi sarai, har da tarinsa. Makarantar na nan, yara kaɗan, amma ana karatu. Safiyar Larabar nan ta amsa.

Zuwera ta ce ya sha kokonsa, ya yi dariya da jikoki, ya kishingiɗa. Mutuwa mai kyau, ba zan yi mata ƙarya ba.

Bayan jana'iza na zauna a bencinsa ƙarƙashin dalbejiya. Tun a hanya na shirya yadda zan faɗa masa, fuska a murtuke:

"Tana nan, Zubeiru. Sun sa na'urar ɗumi mai kunna kanta. Sun daina duban rufi."