Fata Uku a Ƙarƙashin Diddige

Duk mutanen Rumde sun san takalmin Raudatu tun kafin su ga fuskarta, domin tun daga bakin layi ake jin takunta. Mahaifinta, Malam Salihu baduku, shi yake ɗinka mata, kuma kullum sai ya sa masa ƙasa mai kauri da tsohuwar taya, ya ƙara tudu a diddige. Matarsa Azumi takan ce masa ai wannan ba takalmi ba ne, turmi ne. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkinsa.

Yana da dalili. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, Raudatu tana da shekara takwas. Da ƙafa suka fita ta daji, kuma tun ranar farko silifas ɗinta ya tsinke. Ga baduku, amma ko basilla bai ɗauko ba. Ya yage hannun rigarsa ya naɗe mata ƙafa, tsumman bai kai yamma ba. Da suka iso gidan wani ɗan'uwansu a Yolde Pate, sai da ya yi mako guda yana cire mata ƙaya da allura, ita kuma ba ta kuka, kallonsa kawai take yi. A nan ya yi wa kansa alkawari cewa ƙafar nan ba za ta ƙara sanin ƙasa ba muddin yana raye.

Yanzu Raudatu ta girma, ta nemi aikin kashe gobara, sunanta ya fito. Saura gwajin gudu nan da kwana arba'in. Wanda bai iso cikin lokaci ba, sai ya koma gida.

Wata ranar Laraba ta dawo daga kasuwar Jimeta da wani kambas na gwanjo. Malam Salihu ya karɓa ya juya shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ba diddige, ƙasansa siriri, har ya naɗe shi a tafin hannu kamar ganye. Ya ce an cuce ta, an sayar mata da safa. Ta sunkuyar da kai ta ce Adda Virtue, wadda ke koya musu gudu a filin makaranta, ita ta ce irinsa ba ya jan ƙafa. Ba ta faɗi wane takalmi ne yake jan ƙafa ba, amma ya gane.

Kwana uku da fara gudu da shi, Raudatu ta fara ɗingishi. Da safe sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Sharaɓarta ta yi tauri kamar rogo, agararta na ja, ko zaman tahiya a salla sai ta miƙe ƙafa take yi. Azumi tana shafa mata man zafi, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa, yana ganin yarinyar nan mai shekara takwas.

Bai yi shawara da kowa ba. Ran Asabar da hantsi, da ta tafi raka ƙawarta asibiti, ya ɗauki kambas ɗin ya kai rumfarsa. Ya yanko taya mai kyau, ya kankare, ya shafa gam, ya bi da ɗinki biyu-biyu. Aikin ya yi kyau, shi kansa ya yaba. Ya mayar ya ajiye inda ya ɗauka.

Raudatu ta dawo ta gani. Ta ɗaga takalmin ta ji nauyinsa, ta ce, “Sannu da aiki, Baba,” ta shige ɗaki. Da ta yi faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Washegari ta tafi fili da shi a haka, ta dawo ta gaya wa uwarta ita ce ta zo ƙarshe a cikin 'yan mata tara. Azumi ta kawo masa labarin tare da tuwonsa, ta ƙara da cewa in haka ne ya haɗa mata da tayoyi huɗu mana, ta tafi a mota.

Litinin da sassafe ya sa hularsa ya bi bayan 'yarsa zuwa fili, da niyyar ya ga matar da take son gurgunta masa yarinya. Ya tarar da wata doguwa 'yar Michika, da usur a wuya. Ta rusuna ta gaishe shi, ta ce tun jiya take son ganin mai ɗinkin nan, don ta yi ta ƙoƙarin ɓamɓare tayar da wuƙa ta kasa. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai, amma duk da haka ya faɗi abin da ya kawo shi.

Virtue ta saurara har ya gama. Sannan ta roƙe shi ya cire takalminsa. Ya waiga ya ga 'yan mata na kallo, amma ya cire. Ta ce ya dafa itacen dalbejiya, ya ɗaga diddige ya tsaya a kan yatsu, ya sauke, har sau ashirin. A na goma sha biyu ya ji wuta a bayan ƙwaurinsa. Ta ce ya taɓa wurin. Ya taɓa ya ji ya ƙulle tamau.

“Ka ji shi ko, Bappa? Wannan naman ne ke ciwo, ba tafin ƙafa ba. Takalminka ya daɗe yana yi masa aiki, shi yana barci. Yanzu an tashe shi, dole ya yi ƙorafi.”

Ta bayyana masa cewa da siririn takalmi mutum ba ya dira a diddige, a gaban ƙafa yake dira, sharaɓa da agara su ɗauki nauyin. Ta kuma amsa nata laifin. Ta gaya wa Raudatu ta fara da zagaye biyu kawai, tana hutawa tsakanin kwanaki, amma ba ta sa ido ba, yarinyar ta yi ta yin takwas saboda zumuɗi. Raudatu ta ɓoye fuska a hijabi.

Malam Salihu ya riƙa murza sharaɓarsa. Wannan magana ta shige shi, don shi ma ya san ba a miƙe sabuwar fata a rana ɗaya, tsagewa take yi. Sai ya ce a hankali, “To amma ƙaya fa?”

Raudatu ce ta amsa, ba ta ɗago ba. “Baba, a hanyar nan ba ƙayar nake tunawa ba. Hannun rigarka nake tunawa.”

Ya karɓi takalmin ya koma rumfa. Warware ɗinkinsa ya fi yin sa wuya. Da ya cire tayar, sai ya yanko fatar akuya mai laushi, falle uku, ya jera su a ciki daidai diddige, ba gam. Ya kai wa Virtue ta duba, ta ce wallahi dabara ce. Suka shirya duk kwana goma a zare ɗaya, zagaye kuma a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Shi yake zarewa da hannunsa. Falle na farko ya fita ba wahala. Bayan na biyu ƙafarta ta yi kwana biyu tana tsami, ya so ya mayar, Azumi ta ɓoye fatar a cikin tukunyar daddawa. Ranar na uku ya daɗe da takalmin a cinyarsa. Ya sa yatsa ciki ya danna, ya ji tsakuwar da ke ƙasa ta taɓo shi. Ya zare fatar, ya miƙa mata takalmin.

Ranar gwaji ya rufe rumfa ya tafi, ya tsaya bayan wayar shinge cikin iyaye. Da aka busa usur ya kasa kunne ya ji takunta, bai ji ba. Sai da ya neme ta da ido, ya hango hijabinta a tsakiyar ayari, tana tafe kamar ba ta taɓa ƙasa. Ita ce ta huɗu, kuma mai riƙe da agogo ya nuna mata layin waɗanda suka tsallake.

Ta zo bakin waya tana haki, ta zauna a ƙasa. Tun kafin ya tambaya ta cire takalmi ta miƙo masa ƙafa ta ƙarƙashin wayar. Ya tsuguna ya duba tafin, ya duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ba komai sai gumi da ɗan yashi.

“Sharaɓar fa?”

“Tana gaishe ka, Baba.”

Ya share mata yashin da hannun rigarsa, ya ɗauki takalmin ya duba bakinsa, ya ce ɗinkin nan na kamfani ba zai kai damina ba, ta kawo gida ya bi mata shi.