Shekarar da Dubravka Ta Yi Murnar Sanyi

A duk garin Split da ke bakin teku, Dubravka kaɗai ce ta ji daɗin hunturun shekarar nan. Wata iska mai tsananin sanyi ta sauko daga duwatsu ta yi makonni tana kaɗawa, famfuna suka daskare, jiragen ruwa suka daina zuwa tsibirai. Mijinta Zlatko, direban bas, kullum zai dawo yana mita, sai ya tarar da ita bakin taga tana murmushi. Ya ce in maƙwabta suka ga wannan fara'ar, korarsu za su yi daga unguwar.

Aikinta binciken teku ne, amma ba kifi take nazari ba, ruwan kansa ne: sanyinsa, gishirinsa, da inda yake dosa. In sanyi ya tsananta, ruwan saman teku yakan yi nauyi ya nutse, ya bi ƙasan teku ya gangara kudu kamar kogi. Ta koyar da wannan, ta yi lissafinsa har furfura ta fito mata, amma ba ta taɓa auna shi da hannunta ba. Lokacin da ake sanyi ba ta da na'urar awo, da ta samu na'ura kuma sai hunturu ya riƙa zuwa da sauƙi. Duk da haka kowace kaka takan nutsar da na'urar a ƙasan teku, ɗaure da ƙarfe mai nauyi, ta bar ta can.

Da iska ta lafa, suka fita ɗauko ta a jirgin Frane, tsohon matuƙin da suka daɗe suna aiki tare. Suka isa wurin, ta aika da sautin da zai kwance ɗaurin don na'urar ta taso. Shiru. Ta sake aikawa, shiru. Ta zauna a kan akwati tana tunanin ko komar masunta ta ja ta.

"Dakta, kin daina kallo ne?" in ji Frane. "To waiwaya. Ga 'yar taki can a bayanmu, tana jira ki gaishe ta."

Can kuwa ga ƙwallo ruwan ɗorawa da na'urar ke ciki yana lilo a kan ruwa, duk gansakuka ta lulluɓe shi. Suka jawo shi, ta haɗa na'urar da kwamfuta. Layin awon ɗumin ruwa da ya saba tafiya a miƙe shekara da shekaru, a tsakiyar hunturu ya faɗo ƙasa ya zauna. Ruwan sanyin ya bi ta nan, kusan yadda lissafinta ya ce, sai dai ya fi sauri.

Dariya ta kama ta, hawaye na zuba. Frane ya leƙa, ya ce shi dai zane kawai yake gani, amma tunda abin ya kai haka, zai gasa kifi. Suka ci da burodi da man zaitun a bayan jirgin, rana na dukan bayansu.

A hanyar komawa ta ce masa lissafin nata yana buƙatar gyara, aikin zai ci shekaru, don haka maganar ritaya a ajiye ta tukuna.

"Wayyo ni," ya ce. "Ashe ni ma ban huta ba ke nan."