Ranar da Aka Ci Maniru a Dara

Shekarar da sojojin Bama suka dawo, yayana Mode ya zo Boɗinga a kan keke domin ya tafi da ɗansa Maniru. Yaron ɗan fari ne, tun da aka yaye shi yake hannun iyayenmu, ga shi ya kai shekara shida bai san fuskar ubansa ba. Inna ta rasu da damina, ni kuma mijina yana jirana a Dingyaɗi, Baba Na'Allah ƙafafunsa sun fara ƙin ɗaukarsa. Babu wanda zai riƙe yaro. Mode ya kafa keken ɗinki a kasuwar Shagari, uwar yaron tana can tana ƙirga kwanaki.

Amma Baba ya gindaya sharaɗi. Ya ce, "Ba ni ba da shi shina kuka. In bai yarda da kai ba, ka tahi ka dawo wani lokaci." Wanda ya san Baba ya san wani lokacin nan yana iya zama shekara.

To, ga matsalar. Mode ba ya iya kiran sunan yaron, balle ya ɗauke shi ya ɗora a cinya a gaban mahaifinmu. Kunyar ɗan fari ce, kuma yaƙin Bama bai cire masa ita ba. Ya zauna a tsakar gida yana kallon bango, yaron kuma yana kallon kekensa. Sai idon Mode ya faɗa kan gurabun dara da Baba ya haƙa a gindin ceɗiya, ya ce wa iska, "Ko akwai mai dara gidanga?"

Maniru ya yi tsalle. Ai shi ne sarkin dara a gidanmu, ba a taɓa cin sa ba. Yadda aka yi kuwa, Baba ne yake bar masa. Kullum sai ya yi kamar bai gani ba, ya buɗe masa hanya ya jera uku, sa'an nan ya dafe kai yana salati. Ni ma haka nake yi, don ba na son ihu. Dokar gidanmu ita ce wanda aka ci shi ke durƙusawa ya share gurabu ya tattara karare da tsakuwa. Maniru bai taɓa durƙusawa ba.

Na so in yi wa Mode ido, amma mutumin da ba ya kallon kowa ta yaya za a yi masa ido? Ya ɗauki tsakuwa, yaro ya ɗauki karare. Mode a zatonsa girmamawa ce ya yi wasa da gaske. Kafin tukunyata ta tafasa ya kwashe kararen yaron sai 'yan kaɗan, har yana ƙarawa da cewa, "Mai karare ya share gurabu."

Maniru ya tsaya kamar an watsa masa ruwan sanyi. Sai ya sa ƙafa ya tattake gurabun, ya watsar da tsakuwar, ya ce, "Baƙon ga ɓarawo na. Shi koma inda yah hito." Ya ruga bayan rumbu yana kuka har da shessheƙa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da mu manya nake fushi. Na ce wa Mode, "Sannu soja. Ka ci Bama, ka ci ɗan shekara shida." Ya sunkuyar da kai. Na taɓa ganinsa da ciwo iri-iri, ban taɓa ganinsa haka ba. Ya tashi ya nufi kekensa.

Baba ya ce, "Zamna. Gyara gurabun nan." Ni kuma ya ce mini, "Kaltume, kada ki tahi lallashi. Mu munka ɓata, dara ta ci gida."

Mode ya sake haƙa gurabun da yatsa. Baba ya ja jiki ya zauna a gabansa, ya tattara kararen jikansa. Shekara da shekaru rabon da in ga Baba ya yi dara ta gaskiya, har na manta mutanen Sifawa sukan yi tattaki a da domin su kara da shi. Ya jera uku ya ɗauke tsakuwa ɗaya, ya ɗaga murya yadda za a ji a bayan rumbu.

"Wayyo soja. Ka ƙetare teku lahiya, ka zo ka nutse cikin gurbi."

Ya sake ci. "Hala Turawa ba su koya muku wagga ba?"

Kukan bayan rumbu ya ragu. Na ga kai ya leƙo, sai kafaɗa, sai yaro gaba ɗaya da majina har baki. Ya matso a hankali ya tsaya bayan kakansa. Baba ya share Mode tas, bai bar masa abin jerawa ba.

Maniru ya ce, "Kaka, ashe ka iya?"

Na ce a raina yau kuka na biyu zai fi na farko. Baba bai kauce ba. Ya ce, "Na iya. Bar maka ni kai, kuma ban kyauta ba. Wanga shi ɗai ya ɗauke ka namiji, shi ya sa yac ci ka."

Yaron ya juya yana kallon ubansa. Mode kuwa ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a ƙasa, ƙaton mutum, yana share gurabu ɗaya bayan ɗaya yana dariya ƙasa-ƙasa.

Maniru ya tambaye shi, "Ba ka kuka?"

Na riga Mode amsawa. Na ce, "Wa, wannan? Da shina kamarka, ranar da Baba yac ci shi, rijiya ya zuba ɗiyan darar duka. Sai da anka yashe ta." Baba ya yi dariya har da tari. Mode ya ce wa ƙasa, "An yi haka. Da ciwo. Amma gobe ana sake haƙawa."

Maniru ya ja majina. Ya durƙusa kusa da shi, ya fara tsince tsakuwar da ya watsar da kansa, har wadda ta shiga ƙarƙashin turmi. Kafaɗarsa tana taɓa hannun ubansa, babu wanda ya janye. Na koma madafa da sauri don kada su ga idona, ina ta hamdala a zuci.

Daga can na ji yaron yana cewa, "Shagari akwai dara?"

Mode ya ce, "A gaya ma mai tambaya akwai ƙasa, akwai yatsa."

Bayan la'asar aka ɗora shi a bayan keke, kararensa a ɗaure cikin bakin riga. Bai yi kuka ba. Yana ta faɗa wa bayan ubansa yadda zai rama, uban yana tuƙi yana gyaɗa kai kamar ba da shi ake ba.

Da suka ɓace a kwanar masallaci na sauke ajiyar zuciya, na ce wa Baba, "Alhamdulillahi, an rabu lahiya."

Ya ce, "Alhamdulillahi." Ya daɗe yana kallon gurabun da suka share tare. Sa'an nan ya ce, "To Kaltume, yanzu wa za shi riƙa cina?"