Zakiyya Ta Uku

Dum, dum, dum. Sau uku aka dako silin daga gidan da ke ƙasansu da kan sanda, har kofin shayin da ke kan tabarma ya yi rawa. Suhaila ta janye hannu daga wayoyin simsimiyyar da take kaɗawa, ta dubi mahaifinta. Malam Garba na kwance a gadon marasa lafiya, baki a karkace, ido a sama. Ko gezau bai yi ba.

"Zakiyya," ya faɗa da ƙyar, harshen na ja. "Zakiyya ta uku."

Suhaila ta cije leɓe. Wata huɗu ke nan tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya daina gane kowa. Ita take ba shi ruwa da cokali, ita take juya shi, ita ta bar ɗinkin abaya a unguwar Zahir ta Makka don ta zauna da shi, amma ko sau ɗaya bai kira sunanta ba. Likita ya ce su kai shi gida su yi ta addu'a, kuma ta fahimci abin da hakan yake nufi. Ba ta roƙi Allah abu mai yawa ba. So take kafin ya tafi ya dube ta ya ce Suhaila.

Saboda haka ne ta sauko da simsimiyyar daga saman kwaba. Abin kiɗa ne na mutanen bakin teku, akushin katako da sanduna uku da wayoyi biyar, ya koya a wurin matuƙan jirgin ruwa yana saurayi a Bur Sudan. Shekara arba'in yana sayar da carbi da sallaya a wani ɗan shago a unguwar Kudai, kuma kullum bayan la'asar sai ya rufe taga ya kaɗa wa matarsa Ramlatu wani kiɗa guda ɗaya, a hankali, maƙwabta ma ba su sani ba. Tun rasuwarta bai sake taɓawa ba. Yanzu ba ya farkawa sosai sai a wannan lokacin, ɗan tsakanin la'asar da magariba, don haka a lokacin Suhaila take koyo, tana bin wani tsohon bidiyonsa da ke cikin wayarta. Hannunta ba na makaɗa ba ne. Ta san ƙarar da take fitarwa ba daɗi.

Amma ranar farko da ta kaɗa ya motsa baki, shi da ya yi wata uku da rabi bai ce uffan ba. Abin da ya fito kuma shi ne sunan wata mace.

Su biyu ya haifa, ita da ƙanwarta Manar da ke aure a Jidda. To wace ce ta uku? Suhaila ta kira 'yan'uwansa a Bur Sudan, ta kira na garin Mai Wurno, ta zazzage jakar takardunsa har da tsofaffin wasiƙu. Babu Zakiyya.

"Ki bar abin nan, ya Suhaila," in ji Manar a waya. "In ma ya bar wata 'ya a Sudan, yanzu me za ki yi mata?"

"In kawo masa ita. Tunda ita yake nema."

"Ke kuma fa?"

Suhaila ta kashe wayar.

Ranar Talata mai gadin gidan, Abdulganiyyu, dattijo mutumin Cadi, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tsaya daga gefe yana murza hularsa.

"Ya binti, 'yata, ki yi haƙuri, aiko ni aka yi. Hajiya Rabi ta ƙasa ta kai ƙara wurin mai gida, karo na uku ke nan. Ta ce iz'aj ya yi yawa, ƙarar ta dame ta, wai kamar ana yanka kyanwa da reza."

"Haka ta ce?"

"Na ma rage miki. Ɗanta Nawaf tuƙin bas ɗin masu umara yake, bayan la'asar ne kaɗai yake samun barci. Mai gida ya ce in aka sake jin abin nan, ƙarshen wata ku nemi wani wuri. Ina za ki kai tsoho a haka?"

Suhaila ta yi biyayya kwana biyu. Ta naɗe simsimiyyar a tsohon haraminsa ta tura ƙarƙashin gado. A kwana biyun nan Malam Garba bai buɗe ido ba, ruwan cokali ma gangarowa yake ta gefen baki. Ranar Alhamis bayan la'asar ta zauna tana kallon ƙirjinsa yana ɗagawa kaɗan-kaɗan, ta yi tunanin ƙarshen wata, ta yi tunanin ko zai kai ƙarshen watan. Ta durƙusa ta jawo haramin.

Ba ta kai rabin kiɗan ba sandar ta fara. Dum, dum, dum. Ta ci gaba. Aka sake dakawa, ta ƙara ƙarfi, hawaye na ɗiga a kan katakon. Sai ƙasa ta yi tsit. Can kuma ta ji takun silifa a matattakala, mai nauyi, ana hutawa a kowane hawa.

Hajiya Rabi ba ta jira an ce ta shigo ba. Tsohuwa ce mai jiki, haifaffiyar Makka, ta haura saba'in, sandar goge-goge har yanzu tana hannunta.

"Ke wace irin yarinya ce? An yi miki magana da Larabci ba ki ji ba, an yi miki da Hausa ba ki ji ba, da Turkanci kike so a yi? Gwiwata ba ta hawa bene, kin sa na hau!"

"Hala Rabi, don Allah..." in ji Suhaila, tana ce mata goggo da Larabci.

"Babu don Allah! Ga Harami can, tafiyar minti goma, ke kina nan kina ƙwanƙwaran waya kamar mai gyaran keke. Yarona zai ɗauki baƙin Allah hamsin a mota, in ya yi gyangyaɗi a hanya ke za ki amsa?"

"To ki sa a kore mu!" Muryar Suhaila ta fashe. "Halas, shi ke nan, ki sa a kore mu. Ki dube shi, Hala. Ba ya motsi sai da wannan. Ban iya ba, na sani ban iya ba, amma wa zan kira ya yi?"

Sai a lokacin tsohuwar ta juya ta ga gadon. Ta san ba shi da lafiya, ba ta san ya koma haka ba. Ta sauke sandar. Malam Garba ya buɗe ido, leɓensa na rawa.

"Zakiyya... ta uku."

"Kin ji ko?" Suhaila ta share fuska da bakin gyalenta. "Kullum ke nan. Wata 'ya yake da ita ban sani ba. Na nema har na gaji."

Hajiya Rabi ta matsa kusa, ta sunkuya, ta kara kunne daidai bakinsa. "Malam, me ka ce? Maimaita."

Ya maimaita. Ta ɗago a hankali ta dubi Suhaila, ta dubi abin da ke cinyarta.

"La ilaha illallah. 'Yar nan, Hausarki ta kicin ce. Ba Zakiyya yake cewa ba, tsarkiya yake cewa."

"Wace ce Tsarkiya?"

"Ba mutum ba ce! Wannan, wannan wayar da kike ja. Da Larabci watar ake ce mata. Ubana da garaya ya zo daga Katsina a ƙafa, ranar da ya shigo Makka ya ajiye ta bai ƙara taɓawa ba, amma har ya mutu igiyar shanya ma tsarkiya yake ce mata. Ta uku yake gaya miki. Tsawon kwanakin nan gyara yake miki, ke kina neman masa 'ya a Sudan."

Suhaila ta zauna daɓas. Dariya ta so kufce mata, kuka ya riga ta. Ta ƙirga wayoyin daga dama, ta ƙirga daga hagu, duk ta tsakiya ce ta uku. Ta taɓa ta, ta ji ta saki, tana lilo a ƙarƙashin yatsa. Ita duk a zatonta hannunta ne yake ɓata kiɗan.

"Murɗa kunnen katakon nan," in ji tsohuwar, ta riga ta zauna a bakin gado. "A hankali, kada ki tsinke ta. Ni zan duba miki fuskarsa."

Ta murɗa kaɗan, ta kaɗa. Shiru. Ta ƙara. Girarsa ta haɗe. Ta ƙara ɗan ƙanƙani, wayar ta yi wata ƙara siririya mai tsabta, sai yatsansa na hannun da ke da rai ya ɗaga daga kan bargo.

"Tsaya nan!" Hajiya Rabi ta kama mata hannu. "To, bismillah."

Suhaila ta kaɗa. Har yanzu tana tuntuɓe, tana tsallake wuri, amma a karo na farko kiɗan ne, wanda take ji daga kicin tana yarinya, mahaifiyarta na tankaɗe gari tana gyaɗa kai. Malam Garba ya juyo da ido daga silin. Ya bi hannun, ya bi kafaɗar, ya tsaya a kan fuskar. Ya daɗe yana kallo.

"Suhaila," ya ce. Kowane harafi sai da ya yi kokawa da shi. "Hannunki... ya yi nauyi."

"Na'am, Baba. Na'am. Zan sassauta."

Bai ƙara cewa komai ba. Ta yi ta kaɗawa har aka kira magariba, tsohuwar na zaune tana jan majina, tana cewa turaren ɗakin ne ya shiga mata ido, alhali ba a kunna turare ba.

Ranar Asabar da hantsi Malam Garba ya cika. Nawaf ne ya tuƙa motar da ta kai shi Harami aka yi masa salla bayan azahar. Abdulganiyyu ya zo gaisuwa, ya ce Hajiya ta kira mai gida da kanta ta janye ƙarar, har ta yi masa faɗa wai ya cika saurin kora. Manar ta kwana uku ta koma Jidda. Aka zo aka kwashe gadon, ya bar sawun ƙafafu huɗu a kan kafet.

A kwana na takwas, bayan la'asar, Suhaila na zaune a ƙasa kusa da sawun nan, gidan shiru, ba ta ko kunna fanka ba. Sai ta ji. Dum, dum, dum. Ba da ƙarfi ba.

Ta dubi simsimiyyar a naɗe cikin haraminsa. Ta miƙa hannu har ta taɓa ƙyallen, ta kasa buɗewa. Ta dunƙule hannun ta buga ƙasa sau uku, don tsohuwar ta san tana nan.